Gyaran Muryar Goni Khamis

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa wurinsa za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, 15 ga watan Oktoba, 2025, ana fitowa daga sallar azahar, Allah ya karɓi ran malaminmu kuma ubanmu Goni Khamis, a gidansa da ke Yelwa a nan Mubi, bayan jinyar da ta fara cinye masa murya kafin ta taɓa sauran jiki. Shekararsa sittin da takwas. An sallace shi bayan la'asar. Sahu ya kai har bakin kwalta, masu keke suka kashe inji, masu shago suka ja ƙofa. Ni ina sahun ƙarshe. Ba makara na yi ba. Kunya ce ta hana ni matsawa gaba, kuma dalilin wannan kunyar ne ya zaunar da ni yin wannan rubutu.

Sunana Mubashshir, mai keke. Wanda ya san ni a Yelwa zai ga sunan ya fara murmushi, ya ce yau kuma wa za a tsokana. Ni ne na taɓa juye wa mai shayinmu gishiri a gwangwanin sukari. Allo kawai na yi, wannan rubutun ma a waya na koye shi, sai a yi haƙuri da ni. Amma yau ba wasa ya kawo ni ba.

Baba Goni, shekara goma sha huɗu na yi a gabanka, tun ranar da mahaifina ya riƙo hannuna ya kawo ni zaurenka yana cewa, "Ga shi nan, Goni, ni dai ya fi ƙarfina." Da hantsi kana kasuwa wurin huluna da turare, bayan asuba da bayan la'asar kana kan buzu muna kewaye da kai. Akwai bulala rataye a ƙusa a kusurwar zauren, har gizo-gizo ya yi mata saƙa ban ga ka sauko da ita ba. Bulalarka gyaran murya ce. Idan ɗalibi yana kawo hadda ya yi kuskure, ba ka ɗaga kai, ba ka cewa uffan, sai dai a ji "ihim". In sau ɗaya ne, ya koma kan ayar. In biyu ne a jere, ya koma farkon sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na izu. Ka ce haka mahaifinka yake yi tun a Borno, kafin fatauci ya kawo shi Mubi. Kuma ka ce dokar ba ta yara kaɗai ba ce: duk wanda ke karatu a zauren nan aka gyara masa murya, ya koma baya, ko da kai ne, domin ba a girma a gaban Alƙur'ani.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na iya muryarka tsaf. Wata rana Sajo, babban gardinmu, mutumin da ko ranar salla ba a ganin haƙorinsa, yana kawo hadda ka juya kana gaisawa da baƙo. Na laɓe bayan ginshiƙi na yi "ihim, ihim". Sajo ya koma farko. Ya iso wurin, na sake. Sau uku yana komawa, gumi na tsiyaya a gemunsa, yana neman kuskuren da babu shi. Da asiri ya tonu na ce shi ke nan, yau gizo-gizo zai rasa gidansa. Sai ka dube ni ka ce, "Tunda ka iya aikina, zo ka yi shi." Mako guda ka zaunar da ni ina sauraren haddar ƙananan yara, da sharaɗin duk kuskuren da ya wuce ni ban kama ba, ni zan rubuta ayar sau goma. Ban taɓa shan wuya irin ta makon nan ba, kuma ban taɓa samun karatu irin nasa ba.

Ba zan manta shekarar gudu ba, 2014, da mayaƙa suka shigo, garin nan ya watse muka bi ta duwatsu. A hanya ka ga wata mata tana ɗingishi ba takalmi, ƙafa duk jini. Ka cire naka ka aje mata, ka ƙarasa tafiyar da ƙafarka haka a kan tsakuwa. Ba ka tambayi sunanta ba, balle ka tambayi inda take ibada. Sai daga baya muka san ma'aikaciyar jinya ce, Sista Dorcas, wadda yanzu take duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Nassarawo. Tun daga ranar take ce maka Baba, kai kuma kana ce mata 'yata.

Shekara biyu da suka wuce, bayan mun gama bugun wake a gonarka ta Mayo Bani, wani abu ya maƙale mini a maƙogwaro. Ba zafi, ba zazzaɓi. Kamar dai ana ɗiga mini miyar kuɓewa ta ciki: in haɗiye ta dawo, in yi kaki babu komai. Dole in riƙa gyara murya bini-bini. Na kusa wata biyu a haka. Yara suka fara komawa baya a hadda suna hararata, kowa ya ɗauka tsohon halina ne ya motsa.

Sai ranar saukar 'yarka Fanna ta zo. Zaure ya cika maƙil, malamai sun zo daga unguwanni, aka ce kai za ka buɗe da karatu. Ina bakin ƙofa ina danne abin, ina cije leɓe, ido har ya kawo ruwa. Ya ƙwace mini. "Ihim." Ka tsaya cak, ka koma kan ayar. Goni guda, da farin gemu, a gaban baƙi. Ka maimaita ta yadda ka karanta da farko, domin babu abin gyarawa. Ka wuce aya biyu, ya sake ƙwacewa, wannan karon biyu a jere. Ka koma farkon sumuni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ana tashi Sajo ya shaƙe mini wuyan riga a waje. Dattawan unguwa suka ce yaron da zai kunyata malaminsa a bainar jama'a ba shi da sauran zama a zaure. Mahaifina ya ce in ka kore ni, shi ma kada in kwana masa a gida. Na rantse, na sake rantsewa, amma wa zai karɓi rantsuwar wanda ya zuba gishiri a sukari? 'Yan kaɗan ɗin da suka yarda da ni kuwa suka ce to tarin tibi ne, aka ware mini kofi. Saura mini izu shida in kammala hadda, kuma na san wanda Goni Khamis ya kora babu malamin da zai shimfiɗa masa tabarma a Mubi.

Washegari ka aika aka kira ni. Ka ce in zauna. Ka bar ni kusan rabin awa kana jan carbi, ashe saurarona kake yi. Sannan ka ce, "Na san gyaran muryarka ta iya-shege. Da ƙarfi take fita, kuma kana satar kallon gefe. Wannan kuwa kunyarta kake ji. Tayar da keken."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina za mu?"

Ka ce, "Wurin 'yata."

Sista Dorcas ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai damun Babana?" Ta zaunar da ni ta shiga tambaya, tambayoyin da duk wata biyun nan babu wanda ya yi mini ko ɗaya. Yaushe ya fara? Na ce bayan bugun wake. In na kwanta yana ƙaruwa? Na ce sosai. Da safe fa? Na ce da safe ne ma ya fi. Hanci yana toshewa, ana atishawa? Na ce kamar tana gidanmu. Ta tambaya ko ina zazzaɓi, ko ina jiƙewa da zufa a barci, ko na ga jini, ko na rame. Na ce in ma na rame tsoron Sajo ne. Ta yi dariya ta ce, "Buɗe bakin nan naka mai yawan magana."

Ta danne mini harshe da wani siririn katako, ta haska tocila, ta kira ka ta ce, "Baba, zo ka gani da idonka." Ka sunkuyo ka leƙa bakina kamar mai duba haƙorin sa a kasuwar shanu. Ta nuna maka majina tana gangarowa a bangon baya na maƙogwaro, wurin ya yi ƙananan ƙuraje saboda yawan wucewarta. Ta leƙa hancina ta ce cikinsa ya kumbura. Ta faɗi sunan abin da Turanci, ya bi ta saman kaina, sannan ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce hancin kowa yana yin majina kullum, muna haɗiyewa ba mu sani ba. Ƙurar wake ce ta tayar da nawa, majinar ta yi yawa ta yi kauri, maimakon ta fito ta gaba sai take bi ta baya, kamar indararon da ya juya yana zuba cikin ɗaki. Duk da haka ba ta tsaya a kan zato ba, ta sa na ba da kaki aka gwada saboda maganar tibi. Gwaji ya fito babu komai.

Ta rubuta mini ƙwaya da maganin fesawa a hanci, ta ce in riƙa ɗaure hanci wurin ƙura, kuma safe da yamma in wanke shi da dafaffen ruwan da ya huce, da ɗan gishiri. Ka yi murmushi ka ce mini, "Ka gani? Shaƙar ruwan alwala da kake yi wa ha'inci, ga shi an mayar maka da ita da gishiri."

Har mun miƙe ta tsayar da mu. Ta ɗaga yatsu huɗu ta ce, "Amma ku ji, ba kowane gyaran murya ne wannan ba. In murya ya dishe ya wuce sati uku, in haɗiya ya yi wuya, in mutum yana ramewa, in an ga jini, wannan ba majina ne ba. A kawo shi da gudu." Na ji ta. Ba zan ce ban ji ba. Sai dai hankalina yana can wurin yadda zan shiga zaure in kalli tsabar idon Sajo.

Da la'asar ka tara kowa ka yi musu bayanin indararo. Ka ce wanda ya zarge ni ya nemi yafiyata, sannan ka ƙara da abin da har yau in na tuna gabana yake faɗuwa: "Ni ma ranar sauka na zarge shi a zuciyata, don haka ni zan fara. Mubashshir, ka yafe mini." Sajo ya miƙo hannu yana kallon rufi. Cikin mako uku abin ya lafa. Shekara na zagayowa na kammala hadda a gabanka.

Da a ce mai hankali ne ni, da nan labarin ya ƙare. Amma hali zanen dutse. Na mayar da abin wasa. Na samu cokalin shayi na aje a aljihu, ga tocilar waya, duk wanda ya yi tari a majalisa sai in ce ya buɗe baki, in maƙale murya irin ta Sista in ce, "Majina ne, a sha ruwan gishiri ta hanci." Aka sa mini suna Likitan Majina, ni kuma ina amsawa.

Bayan babbar sallar bana, kai ma ka fara gyaran murya ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Yara suka riƙa komawa baya a banza, har ka sauya doka ka ce daga yau bugun carbi a kan buzu shi ne alama. Wata la'asar, a gaban ɗalibai, ka ce, "Likita, zo ka duba ni." Zaure ya ɗauki dariya. Na fito da cokalina, na haska, na ga ja-ja kawai, abin da ban san ma'anarsa ba. Na maƙale murya na ce, "Baba, majina ne." Har Sajo sai da ya murmusa. Ka ce, "To alhamdu lillahi."

Wata uku kana wanke hanci da ruwan gishiri. Muryar ta dishe, na ce sanyin damina ne. Ka bar tuwo ka koma kunu, na ce tsufa ne. Hular da kake kafawa a goshi ta fara sauko maka har kunne, na gani da idona. Matarka, Ya Aisa, ta yi ta fama ka je asibiti, kana ce mata, "Ai likitana ya duba ni." Da maganar ta iso kunnena, Baba Goni, daɗi na ji. Wannan shi ne abin da ya fi komai ci mini rai. Daɗi na ji.

Farkon watan Satumba na ɗauki Sista Dorcas a kekena daga bakin kasuwa. Ta ce, "Likita, yaya Babana?" Na shiga ba ta labari ina dariya, cewa yanzu mun zama abokan aiki, na duba shi na gano irin ciwona ne. Ta ce tun yaushe. Na faɗa. Ta ce muryarsa fa? Yana cin abinci? Rigarsa tana masa daidai? Ina amsawa ina kallonta ta madubi tana lanƙwasa yatsu. Ɗaya, biyu, uku. Dariyar ta bushe a bakina tun kafin ta yi magana.

"Juya keken."

"Sista, ba gida za ki ba?"

"Na ce juya!"

A zaure ta same ka. Ta haska maƙogwaronka, ta shafa gefen wuyanka da yatsu, ta daɗe a wuri guda. Ba ta kira kowa ya zo ya gani ba. Bayan kwana biyu aka wuce da kai Yola. Likitoci suka ce ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Suka yi abin da za su iya, aka dawo da kai gida.

Na je na tare Sista na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, da tun watan salla aka kai ka, da ka tashi? Na so ta ce a'a. Ta ce, "Mubashshir, ban sani ba. Wataƙila. Wata uku ba wasa ne ba a ciwon nan. Amma rai a hannun Allah yake." Ba ta yi mini ƙarya ba, kuma na gode mata, ko da yake maganar ba ta bar ni na huta ba har yau.

Kwana biyar kafin rasuwarka na shiga gaishe ka da hantsi. Magana ta riga ta ɗauke. Ka yi mini nuni in karanta. Na ɗauko daga inda na fi ƙarfi, amma kuka ya sa na tsallake aya. Na ga maƙogwaronka ya motsa, ka yi ƙoƙari, babu abin da ya fito. Sai ka ɗaga carbi da ƙyar ka buga a katifa. Na koma. Da na gama na durƙusa zan faɗi abin da ke cina, ka ɗora mini hannu a baki. Na fita ban faɗa ba. Shi ya sa ranar jana'iza na tsaya a baya, kuma kwana biyu ban iya taka ƙofar gidanka ba.

Ranar sadakar uku Fanna ta zo har inda nake fakin ta ce Ya Aisa tana kirana. Na shiga ina jan ƙafa. Tana zaune a tabarma cikin mayafin takaba, ta ce, "Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye maka ba. Da shi ma na yi. Shi ya tafi, kai ka rage. Ungo." Ta miƙo mini takarda a ninke, rubutun ajami da tawadarka, na gane hannunka ne. Ga abin da ka rubuta:

"Mubashshir, ranar da 'yata ta ɗaga yatsu huɗu ba kai kaɗai ne a ɗakin ba. Na ƙirga biyu a jikina tun kafin in kira ka. Tsoro na ji, ga yara huɗu sun kusa sauka, na nemi wanda zai gaya mini abin da nake so in ji. Na ɗora maka kayan da ba naka ba. Ka yafe mini."

Baba Goni, sau biyu ke nan kana neman yafiyata, ni da ban taɓa neman taka yadda ya kamata ba. Ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba, don haka na yarda ka ƙirga. Amma na san ka. Na ga ranar da ka cire takalmi ka ba mai tafiya da ƙafa, kuma ina jin wannan takardar ma takalmi ce ka cire mini. Ko ka ƙirga, ni ma ina da yatsu. Ni ma ina ɗakin. Na karɓi rabin da ka ɗauke mini, sauran rabin nawa ne, kuma ina roƙon Allah da iyalinka su yafe mini shi. Cokalin na jefa shi a kogi.

Jama'ar Mubi, ga wake ya kusa shiga bugu, masu gyaran murya za su yi yawa. Da yawansu irin nawa ne, abu mai sauƙi, kuma kada a yi saurin zarginsu kamar yadda aka zarge ni. Amma ba ni zan faɗa ba, ba mai shayi ba, ba maƙwabci ba. A je wurin wanda ya san tambayoyin kuma ya san abin da yake gani in ya haska. In murya ta dishe ta ƙi dawowa, in haɗiya ta gagara, in jiki na zubewa, in an ga jini, kada a jira ko yaro nawa ne suka kusa sauka.

Da yammacin ranar ukun aka yi karatu a zaure, Sajo ne ya hau buzunka. Yana cikin karatu muryarsa ta karye, ya sauya wasali. Duk mun ji. Kowa yana jiran sautin da ba zai ƙara zuwa ba. Sajo ya tsaya, ya ɗago kai, ya nemo ni har bakin ƙofa da ido, ya tsare ni da kallo. Na gane. Na yi "ihim", sau ɗaya. Ya koma kan ayar. Babu wanda ya yi dariya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu Ya Aisa, da Fanna da ƙannenta, da 'yan'uwa na nan da na Borno, da Malam Sajo da dukkan ɗalibai, musamman yara huɗun da ba su samu sauka a hannunsa ba, da Sista Dorcas wadda ita ma uba ta rasa. Allah ya ba mu haƙuri, ya riƙa wa marayu, ya raya zauren da ya bari.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Khamis, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi da hasken abin da ya karantar. Ka yafe masa tsoron da ya ji, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Bawan nan naka ya taɓa komawa baya a gaban jama'a saboda gyaran muryar yaro, alhali bai yi kuskure ba, don kawai girmama littafinka. Ranar da za a ce wa mahaddata su karanta su hau, ka mayar masa da muryarsa garau, ya karanta ya yi ta hawa, ba mai mayar da shi baya. Amin.